Boba Fett: Ɗan Mutum-mutumin Roba da Ya Zarce Kowane Abin Wasa Tsada

Mutum-mutumin Boba Fett abin wasan yara ne na roba wanda kamfanin Kenner na birnin Cincinnati a Amurka ya fitar a 1979. Tsawonsa santimita 9 da rabi, aljihun rigar yaro ma ya ishe shi. Siffar wani mutum ce da ya sha sulke tun daga kai har ƙafa: kwalkwali mai tsagar gani irin ta harafin T, allon ƙirji kore, abin wuyan hannu ɗaya ja ɗaya ruwan ɗorawa, ɗamara ruwan ƙasa, ga kuma wata na'ura goye a bayansa wadda kan jan harsashi ya leƙo ta samanta. Gaɓoɓi biyar kaɗai ke motsi a jikinsa, wuya da kafaɗu biyu da cinyoyi biyu. Ba ya lanƙwasa gwiwa, ba ya naɗe hannu. In aka kifa shi, a bayan ƙafafunsa akwai ƴan mitsi-mitsin haruffa da ke nuna shekarar ƙira da ƙasar da aka zuba robar, galibi Hong Kong ko Taiwan.

A zamaninsa kuɗin irin waɗannan ƴan mutum-mutumi bai kai dalar Amurka 3 ba. A watan Agusta 2024 kuwa, gidan gwanjon Goldin ya sayar da wani samfurinsa na gwaji a kan dalar Amurka 1,342,000, kusan sefa miliyan 800 a canjin lokacin, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan wani abin wasa a bainar gwanjo.

Mafaraucin lada

Boba Fett ɗaya ne daga cikin mutanen labarin Star Wars, jerin finafinan almarar kimiyya da George Lucas ya soma a watan Mayu 1977. Labari ne na yaƙi a sararin samaniya tsakanin wata azzalumar daula da ƴan tawayen da ke neman kifar da ita. Irin wannan tafiya zuwa duniyoyin sama ba baƙuwa ba ce ga mai karatun Hausa, domin Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, shekara 8 kafin fim ɗin farko na Lucas.

Sana'ar Boba Fett ita ce farautar mutane don lada. A sa kuɗi a kan wani, shi kuma ya bi sawu ya kamo shi, ya karɓi nasa, ba ruwansa da wane ne mai gaskiya. Lucas ya aro wannan hali daga finafinan kaboyi, musamman ɗan bindigar nan marar suna, marar yawan magana, da Clint Eastwood ya fito a matsayinsa a finafinan Sergio Leone. A yaren ƴan kallo, Boba Fett ba shi ne bos ba, ɗan kwangila ne da bos ya ɗauko. A fim na biyu, The Empire Strikes Back na 1980, Darth Vader, jigo a daular, ya tara mafarauta 6 ya ba su aikin nemo jirgin Han Solo, ɗaya daga cikin ƴan tawayen, har ya keɓe Boba Fett da gargaɗin kada ya ƙona abin farautar ya zama toka. Boba Fett ne ya gano dabarar Han Solo ta ɓuya cikin sharar da manyan jirage ke zubarwa, ya lallaɓa ya bi shi, daga ƙarshe ya ɗauke shi a daskare ya kai wa wani ƙasurgumin ɗan daba mai suna Jabba.

Layi 4 kacal ya furta a fim ɗin, kuma ba a ga fuskarsa ba. A fim na uku, a 1983, aka yi masa ƙarshe na wulaƙanci: Han Solo, wanda idanunsa ba su gama buɗewa ba, ya bugi na'urar bayansa bisa kuskure, ta tashi da shi ta jefa shi bakin wani dodon rami a cikin rairayi. In aka haɗa duk lokacin da ya bayyana a finafinan biyu, bai kai minti 10 ba. Jeremy Bulloch, ɗan wasan Ingila da ya rasu a Disamba 2020, shi ne a cikin sulken, wani daban kuma ya yi muryar.

Joe Johnston da Ralph McQuarrie suka zana sulken a 1978. Da fari fari ne fat, an nufe shi da wasu zaratan sojojin daula, sai aka ga kuɗin ɗinka da yawa ba zai fita ba, aka mayar da shi na mutum ɗaya, aka shafa masa launi, aka yi masa lotsawa a kwalkwali da ƙuje-ƙuje a jiki don ya nuna ya sha gwagwarmaya. Jama'a sun fara ganinsa ne a wani jerin gwano a garin San Anselmo na Kalifoniya ranar 24 ga Satumba 1978, sannan a wani ɗan zanen katun a talabijin ranar 17 ga Nuwamba na shekarar. Da yake abin wasan ya fito a 1979, yaran Amurka sun riƙe mutum-mutuminsa kusan shekara guda kafin su gan shi a majigi, kuma kowane yaro ya riga ya ƙaga masa labarin da ya ga dama. Wannan na cikin manyan dalilan farin jininsa. Abin da fim bai faɗa ba, yaran suka cike da kansu.

Kwali babu kaya

Lokacin da Lucas ke yarjejeniya da kamfanin 20th Century Fox, ya dage a kan haƙƙin kayan da za a sayar da sunan fim ɗin, abin da manyan masu finafinai na lokacin ba su ɗauka da muhimmanci ba. Kenner, wanda a lokacin yake ƙarƙashin General Mills mai yin abincin karin kumallo, shi ya karɓi lasisin kayan wasa. Shugabansa Bernard Loomis da masu zanensa suka tsayar da ƙaramin girma, maimakon inci 8 ko 12 da aka saba, domin a iya ƙera jirage da motocin da mutum-mutumin zai shiga ba tare da kuɗin ya fi ƙarfin iyaye ba.

Fim ɗin ya yi kasuwar da ba wanda ya zata, Kirsimetin 1977 ya zo babu ko guda a kanti. Sai Kenner ya sayar da kwali ɗauke da takardar alkawari, cewa za a aiko wa yaro da mutum-mutumi 4 ta gidan waya tsakanin Fabrairu da Yuni 1978. Cinikin biri a sama ne ƙiri-ƙiri, amma iyaye suka saya. Daga 1978 zuwa 1985 kamfanin ya sayar da kimanin guda miliyan 300, siffofi kusan 100. Wasu kamfanoni suka karɓi izinin yi a ƙasashensu: Palitoy a Ingila, Meccano a Faransa, Lili Ledy a Meziko. A Turkiyya kuwa wani kamfani mai suna Uzay ya kwaikwaya ba izini, kuma abin dariya, jabun nasa yau sun fi na asali da yawa tsada.

Harsashin da bai tashi ba

Boba Fett shi ne na 21 a jerin. Ba a fara kai shi kanti ba. Talla aka buga a jikin kwalayen sauran, cewa duk yaron da ya yanko shaidar sayen mutum-mutumi 4 ya aika, za a turo masa wannan baƙo kyauta. Tallar ta nuna abin da ya fi ɗaukar hankali: a cikin na'urar bayansa akwai ƴar waya mai naɗi, in aka tura wani ɗan maɓalli sai jan harsashin ya yi tsalle ya fita.

Ana cikin haka, a ƙarshen Disamba 1978, wani yaro ɗan shekara 4 a birnin Atlanta ya rasu bayan harsashin wani jirgin wasa na kamfanin Mattel, na shirin Battlestar Galactica, ya faɗa masa maƙogwaro. A Janairu 1979 Mattel ya nemi iyaye su mayar da harsasan, yana ba da ƴar motar wasa a madadinsu. Masu gwajin Kenner da ma suna fama da nasu. Samfurin farko yana da tsagar maɓalli mai siffar harafin L, kuma da an ɗan taɓa shi sai ya tashi. Aka sake tsagar ta koma siffar J, yadda sai an ja maɓallin an karkata kafin ya harba, sai aka tarar ɗan tsinin robar da ke cikin lanƙwasar yana karyewa ya zama tsini mai iya soke ido. Aka nuna shi a baje kolin kayan wasa na New York a Fabrairu 1979, amma daga ƙarshe kamfanin ya haƙura. Aka manne harsashin a jikin na'urar, aka liƙa baƙar takarda a kan hoton tallar, kowane yaro kuma ya sami nasa tare da ƴar wasiƙar da ke bayanin cewa an cire harbin ne saboda lafiyar yara.

Ba a taɓa sayar da mai harbi ko ɗaya ba. Duk da haka, har yau akwai dattawa a Amurka da ke rantsuwa cewa wani ɗan unguwarsu yana da shi a lokacin. Abin da ya faru shi ne, samfuran gwajin da ya kamata a lalata, wasu ma'aikata sun kai gida, sun ba ƴaƴansu ko sun jefa a akwati sun manta. Masana harkar suna ƙiyasta waɗanda suka tsira da kimanin 100, wajen 70 masu L, wajen 30 masu J. Masu L galibi ba fenti a jikinsu, robar ce tsirara mai launin toka-toka da shuɗi, harsashinsu mai gefe 4. Masu J an yi musu fenti, harsashinsu mai gefe 8.

A Nuwamba 2019 gidan gwanjon Hake's ya sayar da ɗaya a kan dalar Amurka 185,850. A 2022 wani ya kai 236,000. A ƙarshen Mayu 2024 gidan Heritage da ke Dallas ya sayar da wani da aka yi wa fenti da hannu, wanda 2 kaɗai aka san da irinsa, a kan 525,000, ya ture wata ƴartsanar Barbie mai sarƙar lu'ulu'u da ta riƙe kambun tun 2010 da 302,500. Ba a cika wata 3 ba na Goldin ya ninka wannan fiye da sau biyu.

Abin da ake saye

Robar da ke jikinsa ba ta kai kuɗin kofin shayi ba. Masu tarawa abu huɗu suke dubawa. Akwai ƙaranci, akwai lafiyar kayan, akwai labarin da ke bayansa, akwai kuma salsala, wato takardun da ke nuna daga hannun wa ya fito har ya iso hannun mai sayarwa. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan cinikin. Samfurin da ke tare da wasiƙar tsohon injiniyan Kenner da ya ajiye shi, kuɗinsa daban ne da wanda ya faɗo daga sama, domin masu yin jabu sun ƙware, suna iya huda bayan na kanti su dasa masa waya.

Akwai kamfanoni da aikinsu kawai duba irin waɗannan kaya. Mafi shahara shi ne AFA, wanda ke ba da maki a kan 100, sannan ya rufe abin a akwatin roba mai garai-garai da ba a buɗewa sai an fasa. Ana duba ƙujewar fenti a kan kwalkwali da ƙirji, ana duba ko gaɓoɓin sun saki. In yana cikin kwalinsa, ana duba ko ƴar robar da ta rufe shi ta yi ja ko ta tsage, har ɗan ramin da ake rataye kwalin a kanti ana so a ga ba a huda shi ba. Ƴar bindigar da ke hannunsa ma ana gwada ta: a jefa a kofin ruwa, ta asali galibi takan taso sama, ko da yake masu jabu sun gano wannan ma. A Janairu 2015 gidan gwanjon Vectis a arewacin Ingila ya sayar da Boba Fett na Palitoy, wanda ba a taɓa ɓare kwalinsa ba, a kan fam 18,000. Irinsa da yaro ya yi wasa da shi, ya ƙuje, bindigar ta ɓata, ƴan gomomin dalar Amurka ne.

A nan harkar take da ɗan ban takaici. Abin wasan da ya fi daraja shi ne wanda babu yaron da ya taɓa morarsa. Masu saye kuwa mafi yawansu yaran 1979 ne da suka girma suka yi kuɗi, suna neman abin da aka yi musu alkawari ba a ba su ba, sai kuma ƴan kasuwa da ke ajiye dukiya a ciki. Farashin irin wannan yana iya faɗuwa kamar yadda ya hau, domin ba shi da wata madogara sai sha'awar wani zamani na mutane.

Sauran tarihin gajere ne. Kenner ya daina jerin a 1985, Hasbro ya mallaki kamfanin a 1991, ya farfaɗo da kayan a 1995. Fim ɗin 2002 ya ba Boba Fett asali, ya nuna shi kwafin halittar wani mayaƙi ne mai suna Jango Fett, wanda Temuera Morrison ɗan ƙabilar Maori ta New Zealand ya fito a matsayinsa. A 2010 Hasbro ya cika tsohon alkawari, ya fitar da mai harbi, da harsashi dogo wanda ba ya haɗiyuwa. Disney ya sayi Lucasfilm a 2012 a kan dalar Amurka biliyan 4 da ɗoriya, ya fito da Boba Fett daga cikin dodon a shirin The Mandalorian a 2020, ya ba shi shirin kansa a Disamba 2021. Yau Lego da Funko da Hot Toys na Hong Kong duk suna yin nasu, wasu don yara, wasu don manya su jera a kabad.

A teburin ɗan koli a Diffa

Nesa da gidajen gwanjon nan, garin Diffa na Nijar yana bakin kogin Komadugu Yobe, kimanin kilomita 1,360 daga Yamai, tsallaken ruwa kuma Najeriya ce. Kasuwarsa ta fi fuskantar Maiduguri da Kano, shi ya sa naira ke yawo a cikinta kafaɗa da kafaɗa da sefa, ko da yake rikicin da ya shigo jihar tun Fabrairu 2015 ya sha toshe hanyoyi, ya kuma taɓa cinikin tattasai da bandar kifi waɗanda su ne ƙarfin aljihun mutane. Kayan wasan da ke isowa teburin ƴan koli, musamman gab da Sallah, kusan duk ƙirar Sin ne. Gundumar Chenghai ta birnin Shantou ita ce matattarar masu zuba su, kasuwar Yiwu kuma ita ce dillaliya. Bindigar ruwa, tabarau, motoci, balan-balan, ƴartsana, da sojojin roba masu kwalkwali waɗanda aka kwaikwayo daga finafinai ba izini, sau da yawa an haɗa kan wannan da jikin wancan. Akwai kuma tsofaffin kayan wasa na Turai da Amurka da ke zuwa cikin dilar gwanjo. Ba abin mamaki ba ne a tsinci tsohon Kenner a irin wannan tsibi, amma wanda ya tsinta kada ya sa rai da miliyoyi, domin na kanti ne, kuma an yi shi da yawan gaske.

Yanayin yankin ma ba ya raga wa roba. Gangar jikin mutum-mutumin da roba mai tauri aka yi ta, hannuwa da ƙafafu da mai laushi. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana sa man da ke tausasa mai laushin ya tsattsafo, sai jikin ya yi danƙo, ƙurar hunturu ta manne. Hasken rana kuma yana mayar da mai taurin ruwan ɗorawa, ya sa ta gautsi. Abin da aka ajiye a ɗakin kwano shekara biyu ba zai ci jarrabawar masu maki ba.

Abin da ya fi shafar iyaye a labarin shi ne dalilin manne harsashin. Tun 1980 dokar Amurka ta hana sayar wa yaro ɗan ƙasa da shekara 3 duk abin wasan da wani ɓangarensa zai shige cikin wani bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, wanda aka auna da maƙogwaron ƙaramin yaro. Kayan da ke zuwa teburin ɗan koli da yawansu ba su bi ta wannan gwaji ba. Bindigogin da ke harba ƴan ƙwallayen roba, da ƙananan batura masu kama da maɓallin riga, su ne suka fi haɗari, ga ido ga maƙoshi.

Akwai kuma tambayar da mai karatu Musulmi zai yi game da siffa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴartsana a gidan Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Abu Dawud kuma ya ruwaito labarin dokinta mai fukafukai. Da wannan ne jumhurin malamai suka keɓe kayan wasan yara daga hanin yin siffofi. Babban mutum ya jera cikakkun siffofi don ado kuwa wata magana ce daban, malaman Malikiyya ba su yarda da ita ba. A 2021 Hukumar Hisba ta Kano ta hana teloli da masu kanti amfani da mutum-mutumin tallar tufafi mai kai. Wannan na cikin abin da ya sa tara irin waɗannan kaya bai zama sha'awar manya a ƙasar Hausa da Barno ba.

Ƴan siffofin yumɓu

Kwarin Komadugu yana da nasa ƴan mutum-mutumin, kuma sun girmi na Cincinnati nesa ba kusa ba. In ruwan kogi ya ja baya bayan kaka, yaran ƙauyukan bakin gaɓa sukan kwaɓa laka su gina shanu da dawaki da raƙuma. A murza dunƙule a tafi, a ja ƙafafu huɗu, a matso tozo da ɗan yatsa, a kafa ƙaya biyu a matsayin ƙaho, a shanya a rana. Wasu su gina mahayi su ɗora. Ban da su akwai motar kara, da ta gwangwani mai tayoyin tsohon silifa.

Wannan gini daɗaɗɗe ne a yankin tafkin Chadi. Masu binciken jami'o'in Frankfurt da Maiduguri, tun farkon shekarun 1990, sun tono ƴan siffofin dabbobi na gasasshen yumɓu a Gajiganna, arewa da Maiduguri, a matsugunan da suka rayu tsakanin shekara 1800 da 800 kafin haihuwar Annabi Isa. Graham Connah ya sami irinsu a tudun Daima a 1965 da 1966, galibi shanu. Kudu da tafkin, a kwarin Shari da Logon, Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf sun soma tono a shekarun 1930, suka fito da siffofin mutane da mahaya da masu rufaffiyar fuska, waɗanda aka danganta ga mutanen So. Sunan So sananne ne a bakin Komadugu: labaran Barebari suna kiransu ƙatti, kuma limami Ahmad ibn Fartuwa, a littafin da ya rubuta a 1576, ya ba da labarin yaƙoƙin Mai Idris Aloma da So Gafata da ke zaune a wannan kwari, ba nisa da Birnin Gazargamu. Wasu daga cikin siffofin na ibada ne ko na kabari, wasu kuwa masana na ganin kayan wasan yara ne kawai. Da yawansu suna gidan tarihi na Quai Branly a Paris, wasu a Injamena.

Su ma masu tarawa suna nemansu, kuma a nan cinikin ya zama ɓarna. Abin da ya sami Bura a jihar Tillaberi ta Nijar ya isa misali. An gano wata tsohuwar maƙabarta a can a 1975, Boubé Gado ya tone ta bisa ƙa'ida a 1983, ya fito da tukwane masu kawunan mutane da wata shahararriyar siffar mahayin doki. Da aka baje su a Paris a 1993 duniya ta gani, sai dillalai suka sa kuɗi, mutanen ƙauyuka suka shiga haƙa, aka yashe wurare da dama cikin ƴan shekaru. A 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, ICOM, ta fitar da jan jerin kayan tarihin Afirka da aka hana saye, ciki har da na Bura, da na So, da na Nok da Sakkwato da Katsina. A wannan shekarar aka ga siffofin Nok 2 da na Sakkwato 1 a gidan tarihi na Louvre, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro na shekara 25.

Mai sayen robar Kenner yana biyan kuɗi ne don takardar da ta ce ga inda abin ya fito. Mai sayen yumɓun sata kuwa yana biya ne a kan abin da aka raba da salsalarsa. Siffar da aka tumɓuke daga ƙasa ba a auna zurfin da take ba, ba a ɗebi gawayin da ke gefenta ba, ta rasa shekarunta da sunan masu ita, kuma ba mai iya mayar mata. Kwalekwalen Dufuna ya nuna abin da ake samu in an bi hanya. Wani makiyayi ne ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, kusa da Komadugu Gana a jihar Yobe ta yau, aka sanar da hukuma, masana suka tone shi a inda yake. Da haka aka san tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000, kuma shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka.

Dokar Nijar ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan gado ta wajabta sanar da hukuma duk abin tarihi da aka tsinta a ƙasa, ta kuma hana fitar da shi waje ba izini. Manomin tattasai ko mai haƙar rijiya a kwarin Komadugu da ya ci karo da tsohuwar tukunya ko siffar yumɓu, abin da ake nema gare shi shi ne ya dakatar da haƙa, ya bar ta a mazauninta, ya ɗauki hoto da waya in yana da ita, ya gaya wa bulama ko magajin gari.